Safiyar da Tafkin Makaranta Ya Yi Fari

Ranar da za a yi gasar ninkaya ta ɗalibai, tafkin makarantar ya wayi gari fari fat, kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Mai shara ce ta fara gani. Ta saki bokiti ta fito tana salati, kuma ka san labari in ya shiga bakin mai shara. Kafin hantsi unguwa ta ɗauka cewa an zuba wa yara guba.

Sai ka san tafkin nan kafin ka gane zafin abin. Duk yankin babu irinsa. Ranakun karatu na ɗalibai ne, ƙarshen mako kuma a buɗe wa kowa. Uwar da ba ta taɓa tsoma ko yatsa a ciki ba ma, in ta yi baƙi sai ta kawo su sun leƙa. Kullum ruwan garau yake, har kana hango wani baƙin tayil guda da aka dasa can ƙasan wuri mai zurfi. Tayil ɗin nan ba ado ba ne. Doka ce tun ranar da aka buɗe wurin: muddin ba a ganinsa daga baki, ba mai shiga, ko ɗan wane ne. Yau kuwa tafin hannunka ma in ka nutsa sai ya ɓace maka.

Iyaye suka cika bakin ƙofa, kowa da wanda yake zargi. Ciyaman, wato shugaban ƙungiyar iyaye, shi ya fi kowa kumfar baki, kuma ban ga laifinsa ba. Shi ya yi ta faɗi-tashin gasar, ya gayyato baƙi, 'yarsa ma tana cikin masu fafatawa. Ya dubi mai gadi, ya ga fari-fari a hannun rigarsa, shi ke nan.

"Makulli a hannunka ya kwana, ga shaida a rigarka. Me ake jira? A kira 'yan sanda!"

Mai gadin nan kuwa dattijo ne mai tarin iyali. Hedimasta ne ya shiga tsakani, ya roƙi a ɗaga masa ƙafa zuwa azahar. In lokacin ya yi ba a gano wani ba, to, a tafi da mai gadi. Nan take ya tura mota a ɗauko Baba Mai Sawu.

* * *

Baba Mai Sawu ya ƙarar da ƙarfinsa wajen bin sawun shanun sata da na mutanen da suka ɓata a daji, har gwiwa ta zaunar da shi. Idonsa dai bai zauna ba. Amma abin da ya sa ake nemansa ya wuce kaifin ido. Ba ya lanƙwasa sawu. Inda ƙafa ta nufa nan bakinsa yake nufa, ko da ƙofar amininsa ce, kuma hakan ta taɓa faruwa, har yau ba sa gaisawa.

Tafkin ba baƙonsa ba ne a baki, domin autarsa ce malamar ninkaya. Kowa Malama yake ce mata, shi kaɗai ke kiranta Auta. Yana alfahari da ita har a gaji da jinsa, amma bai taɓa shiga wurin aikinta ba. A wurinsa, duk ruwan da ya wuce idon sawu kogi ne.

Ita ce ta tarbe shi, idanunta sun yi ja.

"Sannu da zuwa, Baba. Da gwiwar nan suka taso ka?"

"Gwiwar ta ce tana son ganin ofishinki. Wuce gaba ki nuna mini."

Da shigarsu zauren farko sai ga jan layi ya ratsa ƙasa daga bango zuwa bango, da dogon benci a gefe. Takalmi ba ya haura layin nan, in ji Malama, ko na gwamna ne. Baba ya zauna ya cire nasa, ya juya su suna fuskantar ƙofar fita, sannan ya tura su ƙarƙashin benci. Haka ake yi a gidansa tun yaran suna rarrafe, don in an kwaɗa maka kira ka zura ƙafa kawai ka wuce.

Suka bi ta ɗakin canza kaya. Daga nan ban-ɗaki, daga ban-ɗaki sai wani siririn lungu da shawa ke zuba ta sama, ba ta inda za ka raɓe ka wuce a bushe. Ƙarshen lungun kuma ramin wanke ƙafa ne, cike da ruwan magani, ya tokare bango biyu.

Baba ya tsaya yana auna shi da ido. "Yaro ba zai iya tsallake wannan ba?"

"Sun gwada sun gaji. An yi shi ya fi tsallen babba tsawo."

Ya tattare wando ya ratsa yana yamutsa fuska. Da ya fito bakin tafkin sai ya durƙusa da ƙyar, ya shafa tayil. Kaushi gare shi, don kada jiƙaƙƙiyar ƙafa ta zame. Ya ɗibi ruwa a tafin hannu ya zuba a ƙasa, ya bi shi da kallo. Ruwan bai koma tafki ba. Ya gangara baya, ya faɗa wata doguwar kwata da ta zagaye wurin.

"Tabɗi!" in ji Baba. "Wanda ya zana wurin nan abokin gabana ne, amma wallahi na sara masa. Dattin ƙafa ba ya shiga, wanda ya zubo a baki ba ya komawa. Mutum ya zauna ya yi wa kowane taku tunani! To ni yanzu me zan karanta?"

Ba abin karantawa kuwa. An bi daɓen da tiyo an wanke shi tas. Ya ɗaga kai zai tsokani Auta, ya ga ta ƙura wa wuri mai zurfi ido. Ya ɗauka baƙin cikin gasar ne, ya ƙyale ta.

* * *

Mai gadi yana zaune a 'yar rumfarsa, wasu iyaye biyu sun sa shi a tsakiya kamar zai tashi sama. Baba ya ce su ba su wuri. Sa'o'in juna ne, sun san juna tun da gashi baƙi.

"Me ya shafa maka fari a riga?"

"Shara na yi."

Baba ya riga ya gani. Daga ƙofar makaranta har ƙofar zauren tafki, tsintsiya ta bi hanyar ba ta bar ko sawun tsuntsu ba.

"Yaushe shara ta zama aikinka? Ina mai shara?"

"Na ga wurin ya yi datti ne."

"Wa ka gani da sassafe?"

Mai gadi ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Can ya ɗago, ya ce a hankali, "Malam, da ka koma gida ka huta. Su kai ni inda za su kai ni, ai ba kashe ni za a yi ba."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya yi hira da ɓarayi da yawa a rayuwarsa, ya san yadda mai laifi ke magana, yana zuba rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Wannan ba haka yake ba. Wannan mutum ne da ya ga wani, ya share masa hanya, kuma ya gwammace ɗakin 'yan sanda da ya kama suna. Haushi ya kama Baba, tausayi ma ya kama shi.

"Iyalinka fa? Su ma su huta?"

Mai gadi ya ci gaba da murza hularsa.

* * *

Rabin iyayen sun rantse mai wankin mota ne, wanda rumfarsa ke jingine da katangar makaranta. An sha jinsa yana mitar cewa duk ranar da ake ƙara wa tafki ruwa, famfonsa sai ya koma ɗigo. Baba ya zagaya ya same shi da soso a hannu, kumfa har gwiwar hannu.

"Ni?" Mai wankin mota ya dafe ƙirji. "Baba, na yi mita, ban musa ba, bakina ne. Amma yarana biyu a ruwan nan suka koyi iyo. Babban har ya ciro ƙaninsa daga rami da damina. In zuba guba in kashe wa?"

Baba bai kula da bakinsa ba, katanga yake dubawa. Gindinta laka ce jagab saboda ruwan wanki, kuma ko kyanwa ce ta haura sai ta bar hatimi. Babu komai. Yanar gizo-gizon da ke saman katangar ma ba ta tsinke ba.

"Ci gaba da wankinka," in ji shi. "Amma ka rage mita, ta kusa ja maka."

Saura mai inji, wanda ke kula da injin tace ruwa. Ɗakinsa na bayan tafkin, da 'yar ƙofar ƙarfe da ke buɗewa kai tsaye zuwa bakin ruwa. Yana tsaye a ciki, gumi ya jiƙa masa riga, don ya san bayan mai gadi shi ne a layi. Ya nuna wa Baba manyan tankunan yashi da ruwa ke bi ta ciki ya fito a tace, da bututun da ke ɗiga magani daidai gwargwado.

"Ruwan nan ba ya barci, Baba. Ana janyo shi ta magudanar da ke ƙasa, a tace, a mayar. Jiya a kunne na bar injin. Yau na tarar an kashe shi, an kuma rufe bututun shiga."

"In da a kunne yake aka zuba abin fa?"

"Ai da yashin ya toshe gaba ɗaya. Da mun shiga uku."

A kusurwar ɗakin akwai buhuna a jere. Baba ya ga inda ƙura ta zana gurbin wasu da aka ɗauke. Ya buɗe ɗaya, ya murza farin garin a yatsa, ya shinshina, ya ɗanɗana a harshe. Sannan ya leƙa ta ƙofar ƙarfen ya lakato abin da ya kwanta a matakalar tafki, ya ɗanɗana shi ma. Mai inji ya dafe kai.

"Menene wannan?"

"Farar ƙasa ce, Baba, ta zana layin filin ƙwallo. Nan ake ajiye ta saboda ruwan sama. Wallahi ban taɓa ba! Ni abin da ke saman ruwa na sani, ko iyo ban iya ba. Na ƙasa sai Malama."

Labari ya kai wa Ciyaman kafin Baba ya fito daga ɗakin. Ya iso fuskarsa a washe.

"Ashe ba guba ba ce! Farar ƙasa? To ai magana ta ƙare. Ta ma fara kwanciya. A share ƙasan, a kunna inji, da la'asar yara su shiga. Mai gadi kuma ya je ya yi bayani a can."

Iyaye suka hau murna. Baba ya waiga ya ga Auta ta jingina da bango, fuskarta ta sauya kamar wadda aka yi wa mummunan albishir. Nan ne ya fara tsoron inda sawun zai kai shi.

* * *

Ya koma zauren farko shi kaɗai, ya zauna a benci yana tunani. Tsintsiyar mai gadi ta tsaya a bakin ƙofa. Tiyo kuma ya wanke daga ramin wanke ƙafa zuwa ciki. To tsakaninsu fa? Tsakiyar zauren dai ƙafafu sun tattake tun safe. Ya sauka a kan gwiwar da ba ta so, ya kwantar da kumatu a ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin benci ta inda hasken ƙofa ke shigowa a kwance.

Can ƙarshen bencin, jikin bango, farin gari ya sauka siriri, irin wanda ke tashi in an dire buhu. A tsakiyar garin kuwa ga gurbi biyu tsaf, inda bai taɓa ƙasa ba. Takalmi ne ya zauna a wurin lokacin da ƙurar ke sauka.

Wato wanda ya yi aikin nan ya ɗauko buhu daga ɗakin inji, ga ƙofar ƙarfe a gabansa taku kaɗan zuwa ruwa, amma bai bi ta nan ba. Ya zagayo da kayansa ta ƙofar gaba, ya dire, ya cire takalmi a jan layi, ya bi ta shawa, ya ratsa ramin wanke ƙafa. Ba mai ganinsa, amma ƙafarsa ta ƙi taka daɓen nan da datti.

Baba ya ƙara matsawa. Guraben ƙanana ne, na mace. Dunduniya tana ciki, kan takalmin yana fuskantar ƙofar fita.

Ya daɗe a kwance a wurin. Ya bi sawu a kan dutse, ya bi a cikin ruwan sama, bai taɓa fatan idonsa ya yi masa ƙarya ba sai yau. Da ya tashi zaune ya dubi jerin takalman da ke ƙarƙashin bencin, duk sun fuskanci ciki yadda masu su suka tuɓe su, ban da nasa. Ya nemi na Auta, ya san su, shi ya raka ta sayensu. Suna nan a tsakiyar jerin, su ma sun fuskanci ciki. Tun da ta fara tafiya bai taɓa ganin ta ajiye takalmi haka ba. Ashe da ta ji an tafi ɗauko shi, ta tuna, ta juya takalmanta na yanzu, ta manta da gurbin da suka bari ɗazu.

Zuciyarsa ta ce masa, tafin hannu ɗaya ya isa. Shafa guda, gurbin ya tafi, ya ce wurin ya fi ƙarfinsa, kuma ba wanda zai yi mamaki. Har ya miƙa hannun. Sai ya tuna mai gadi yana murza hula. Ya janye hannunsa, ya jawo wata 'yar kujerar tsuguno ya kifa a kan wurin.

* * *

Da azahar aka taru a bakin tafki, kowa ba takalmi, ƙafafu a jiƙe, domin ko taron bincike bai isa ya karya dokar wurin ba. Ga Hedimasta, ga Ciyaman da iyaye, ga mai gadi, mai inji da mai wankin mota a gefe guda. Malama tana tsaye ita kaɗai kusa da sandar ceto, doguwar sandar da ake miƙa wa mai nutsewa. Ruwan ya fara washewa daga sama, amma baƙin tayil yana binne a ƙarƙashin fari.

Baba ya fara da sallamar mutane. Mai wankin mota bai haura katanga ba. Mai inji da shi ne, da ta ƙofarsa zai bi. Mai gadi kuwa shara kawai ya yi.

"To wane maƙiyin ne?" in ji Ciyaman.

"Ba maƙiyi ba ne, ranka ya daɗe. Maƙiyi ba ya kashe inji don kada yashi ya toshe. Ba ya zaɓar abin da ko an sha ba ya kisa. Kuma ban taɓa ganin maƙiyin da ya zo ɓarna ya tsaya cire takalmi da wanke ƙafa ba." Ya faɗi abin da ya gani a ƙarƙashin benci, ya ce kujera na kife a kai, mai so ya je ya duba. "Takalmin waje ya fuskanta. A iya sanina gida ɗaya ake ajiye takalmi haka, kuma gidana ne."

Idanu suka koma kan Malama. Baba bai kalle ta ba, ruwan yake kallo.

"Auta, ki faɗa da bakinki."

"Ni ce, Baba," in ji Malama.

Hayaniya ta ɓarke. Wata uwa ta ce ita dama jikinta ya ba ta, alhali ita ce ɗazu ke neman a ƙone rumfar mai wankin mota. Hedimasta ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce Malama ta yi bayani.

"Murfin magudanar ƙasa ya tsage," in ji ta. "Shekaranjiya na nutsa na gani, gefe guda ya ɓalle. An yi murfin nan da faɗi ne don jan ruwan ya rarrabu, kada ya kama mutum. Yanzu duk ƙarfin injin ta rami ɗaya yake ja. Na faɗa wa Ciyaman, na faɗa wa Hedimasta."

"Na ce a gyara bayan gasa!" in ji Ciyaman. "Sai an kwashe ruwan duka, kin sani. Kuma ruwa garau, wa zai yarda akwai matsala?"

"Shi ya sa, ranka ya daɗe. Ba wanda zai yarda. In an kashe inji, yara masu yawa haka a ruwan da ba ya zagayawa, ciwon ido da gudawa ne za su bi gidaje. In an kunna, ga rami. Doka ɗaya ce na san ba mai iya ɗagawa, ta baƙin tayil. Sai na ɓoye shi." Ta juya wajen mai gadi, hawaye suka zubo. "Na so a ɗauka inji ne ya lalace. Ban zaci za a kama kowa ba. Da aka kama ka kuma na ce in na yi magana da wuri za a ce ai farar ƙasa ce, a shiga. Na yi ta jiran lokacin gasar ya wuce, kai kana zaune a rumfa. Ka yafe mini, Baba mai gadi."

"Haba, Malama," in ji mai gadi. "Da na gan ki da buhu na san ba banza ba."

Ciyaman bai sauko ba. Ya ce tsagewar murfi ce za a mai da ita dodo? Baba Mai Sawu ya dube shi, ya ga ba mugu ba ne, mutum ne da bai yarda da abin da idonsa bai gani ba, kuma a nan sun yi kama. Ya sa aka kawo abin goge daɓe mai dogayen zare, aka ɗaure kansa a bakin sandar ceto. Ya miƙa wa Ciyaman sandar.

"Riƙe da kanka. Auta, nuna masa wurin. Mai inji, kunna mana na ɗan lokaci."

Injin ya ɗauka. Ciyaman ya zura sandar inda aka nuna masa, yana taɓe baki. Sai ji ya yi an fizge ta, har ya yi taga-taga, mai wankin mota ya cafko rigarsa. Ya ja, ta ƙi. Ya turje da ƙafa biyu ya ja, mai wankin mota ya kama masa, sandar ta lanƙwashe amma ba ta saki ba. Sai da aka yi wa mai inji ihu ya kashe, sannan ta taso. Rabin zaren ya tafi, ragowar ya naɗe da wani ɓallin farin roba.

'Yar Ciyaman tana can bayan taga cikin sauran ɗalibai, da kayan ninkayarta tun safe, gashinta mai tsawo a tufke har gadon baya. Ita ce gwanar nutso ta makarantar. Ciyaman ya dubi zaren, ya dubi taga. Ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen tayil da babbar rigarsa.

"A kwashe ruwan," in ji shi da ƙyar. "Yau ɗin nan."

* * *

Ba a tafi da kowa ba. Ciyaman ya je har gaban mai gadi ya ba shi haƙuri a idon jama'a. Amma Hedimasta, wanda ya amsa nasa laifin na jinkiri, ya ce ba zai iya kau da kai ba. Malama ta ɓata ruwan makaranta, ta tayar da hankalin unguwa, ta bar bawan Allah a hannun zargi. An dakatar da ita sai hukumar makaranta ta zauna, kuma bai yi mata alkawarin komai ba. Ta miƙa makullanta ba gardama.

Mutane suka watse. Uba da 'ya suka ratsa ramin wanke ƙafa suka fito zaure. Ta zauna a benci, shi ma ya zauna.

"Me ya hana ki nuna musu da sanda tun jiya?"

"Bai zo mini ba, Baba. Tsoro ne ya cika mini kai. Ina rufe ido sai in ga yaro a ƙasan nan."

"Da kin zo gida kin faɗa mini."

"Da ka hana ni."

"Da na hana ki," in ji shi. Sannan ya ƙara da cewa, "Abin da kika yi wa mai gadi bai yi mini daɗi ba, kuma ba zan ce ya yi ba. Ni ma na san abin da na ja miki yau. Aikin nan shi ne ranki."

"Da ka share gurbin nan, da ban ƙara iya kallon idonka ba."

Baba ya dube ta. Bai taɓa jin ciwo irin na yau ba, bai kuma taɓa alfahari da ita kamar yau ba, har ya rasa wanne ya fi. Ta sunkuya za ta jawo takalmanta, ya riƙe mata hannu. Ya sauka a kan gwiwar nan tasa, tana cewa Baba bari, Baba don Allah tashi, bai saurare ta ba. Ya jawo takalman daga ƙarƙashin benci, ya juya su suka fuskanci ƙofa, ya ajiye a gabanta.

"Haka muke ajiyewa a gidanmu," in ji shi. "Kada ki ƙara juya su saboda ni. Sa mu tafi, uwarki na jira."